Tunawa da Harshe: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Ajiye Magana, da Yadda Magana Ke Sauya Abin da Aka Ajiye

1. Gabatarwa

Bahaushe yana da kalmomi da dama na bayyana dangantakar mutum da abin da ke cikin kansa. Akan ce wane ya san Tawa, amma ya iya saƙa. Akan ce ya haddace Alƙur'ani, ya riƙe lambar waya, ya tuna ranar da aka sa shi lakol. In aka zo ga harshe kuwa, ba a cika cewa mutum "ya san" Zabarmanci ba, sai dai a ce ya iya shi, ko yana jin sa. Faransanci ya haɗe sani da iyawa a cikin aikatau ɗaya, wato savoir, amma Hausa ta raba su. Binciken da masana ƙwaƙwalwa suka yi daga tsakiyar ƙarni na 20 zuwa yau ya nuna cewa wannan rabon yana da tushe a cikin ginin ƙwaƙwalwar kanta.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa abin da muke kira tunawa ayyuka ne mabambanta, kowanne da mazauninsa da iyakarsa, kuma harshe yana jingine da dukkansu. Za a duba ma'ajiyar ɗan lokaci da ke riƙe sauti, da ma'ajiya mai dogon zango da ke riƙe kalmomi da ƙa'idoji, sannan a juya ga yadda magana kan gyara abin da mutum ya tuna. Batun ya shafi ɗalibin kimiyyar harshe kai tsaye, domin duk bayanin da zai tattaro a fagen bincike daga ƙwaƙwalwar wani ya fito, kuma ta cikin tasa ƙwaƙwalwar zai bi kafin ya kai ga takarda.

2. Mutumin da ya daina ajiye sabon abu

A shekarar 1953, a garin Hartford na Amurka, wani likitan tiyata mai suna William Scoville ya yi wa wani saurayi ɗan shekara 27 aiki domin rage masa farfaɗiya da ta hana shi sakat. Ya cire masa wani yanki daga ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu na can ciki ta wajen kunnuwa, har da mafi yawan wata gaɓa mai lanƙwasa da ake kira hifokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma sai wata matsala ta ɓullo wadda ba wanda ya yi tsammaninta. Saurayin, wanda littattafai suka sani da haruffan H.M. har rasuwarsa a 2008, lokacin da aka bayyana sunansa Henry Molaison, ya daina ajiye sabbin abubuwan da ke faruwa da shi. Yakan yi hira da baƙo cikin hankali da ladabi, in baƙon ya fita ya dawo bayan ƴan mintoci sai ya tarbe shi kamar bai taɓa ganin sa ba.

Brenda Milner, masaniyar ƙwaƙwalwa daga Kanada, ita ce ta fara nazarin sa, kuma ita da Scoville suka wallafa rahoton farko a 1957. Daga baya Suzanne Corkin ta ci gaba da aikin na tsawon shekaru fiye da 40. Abubuwa uku da aka gano suna da muhimmanci ga masu nazarin harshe.

Na farko, H.M. yana iya riƙe jerin lambobi na ɗan lokaci kamar kowa, muddin ba a ɗauke masa hankali ba. Ke nan riƙon ɗan lokaci daban yake da ajiya mai ɗorewa. Na biyu, Milner ta ba shi aikin bin zanen tauraro da alƙalami yana kallon hannunsa a madubi kawai. Aikin yana da wuya ga kowa a karon farko. Cikin kwana uku hannunsa ya ƙware, kurakuransa suka ragu ƙwarai, alhali kullum in an kawo masa madubin sai ya ce bai taɓa yin wannan aiki ba. Iyawa ta shiga, sanin an koya bai shiga ba. Na uku, harshensa na Ingilishi da ya koya tun yana yaro bai rushe ba: kalmominsa na da suna nan, jimlolinsa suna tafiya bisa ƙa'ida. Sai dai gwajin da John Gabrieli da Neal Cohen da Corkin suka wallafa a 1988 ya nuna cewa kalmomin da suka shigo Ingilishi bayan tiyatarsa, ɗan abin da ya kama daga cikinsu ƙalilan ne. Hifokamfus, ashe, ƙofa ce da sabuwar kalma ke bi ta shiga, amma kalmar da ta daɗe da zama tana can a wasu sassan ɓawon ƙwaƙwalwa.

A 1970 Tim Shallice da Elizabeth Warrington suka bayyana wani majinyaci a Ingila, K.F., wanda matsalarsa ta zo akasin ta H.M. Bayan hatsarin babur, ba ya iya maimaita fiye da lamba biyu in an karanta masa jeri, amma yana koyon sabbin abubuwa yana kuma tunawa da su bayan kwanaki. Idan lahani a wuri ɗaya ya ɓata aiki na farko ya bar na biyu, lahani a wani wuri kuma ya ɓata na biyu ya bar na farko, masana sukan ɗauki wannan a matsayin hujja mai ƙarfi cewa ayyukan biyu ba injin ɗaya ke tafiyar da su ba.

3. Kewayen sauti: daƙiƙa biyu na magana

A 1956 George Miller ya yi hasashen cewa mutum yana iya riƙe abubuwa wajen bakwai a lokaci guda, ko ƙasa da haka da biyu, ko sama da biyu. Muhimmin abin da ya ƙara shi ne cewa "abu" na iya zama dunƙule. Lambar wayar salula a Nijar alƙaluma takwas gare ta, amma ba wanda ke faɗin ta ɗaya bayan ɗaya; akan kasa ta biyu-biyu ta zama dunƙule huɗu. A 2001 Nelson Cowan ya kawo hujjojin cewa in an hana mutum maimaitawa da dunƙulewa, ainihin abin da hankali ke riƙewa bai wuce huɗu ba.

Alan Baddeley da Graham Hitch, a 1974, suka sauya yadda ake kallon wannan ma'ajiya. A wajensu wurin aiki ce, kamar tabarmar da mai sana'a ke baza kayansa a kai, don haka suka kira ta ma'ajiyar aiki. Ɗaya daga cikin sassanta, wanda za mu kira kewayen sauti, shi ne ke riƙe magana. Sautin da ya shiga cikinsa yana dushewa cikin daƙiƙa biyu ko kusa da haka, sai fa in mutum ya riƙa nanata shi a zuci.

Hujjoji biyu suka tabbatar da cewa sauti ake riƙewa a nan. Conrad ya nuna a 1964 cewa ko da an nuna wa mutane haruffa a rubuce, kurakuran da suke yi wajen tunawa na kamancin furuci ne: sukan musanya harafi da wanda ya yi kama da shi a kunne, ko da siffarsu a ido ta yi nisa. Sannan a 1975 Baddeley da Thomson da Buchanan suka gano cewa jerin gajerun kalmomi ya fi sauƙin riƙewa a kan jerin dogaye, kuma yawan abin da mutum ke riƙewa ya yi daidai da abin da zai iya furtawa cikin kimanin daƙiƙa biyu.

A nan ne batun ya taɓo kwatanta harsuna. A 1980 Ellis da Hennelly suka gwada mutanen yankin Wales na Birtaniya masu jin harshensu na gado da Ingilishi. Mutum ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, amma ya fi riƙe lambobi da yawa in da Ingilishi aka faɗa masa su, saboda sunayen lambobi a harshen Wales sun fi ɗaukar lokaci a baki. Wannan ya warware wani zargi da ya taso daga gwajin basira, inda yaran da aka gwada da harshen Wales suka riƙa samun maki ƙasa da na takwarorinsu masu Ingilishi a wannan fanni. An sami irin wannan sakamako a wasu harsuna: masu jin Sinanci, da lambobinsu ke da gajeren furuci, sukan riƙe tara ko fiye, yayin da masu Ingilishi ke tsayawa wajen bakwai.

Mai karatu ya ƙirga gaɓoɓin lambobin Hausa: ɗa-ya, bi-yu, u-ku, hu-ɗu, bi-yar, shi-da, ba-kwai, ta-kwas, ta-ra. Kowace gaɓa biyu ce, sifiri kuma uku. A Faransanci kuwa, daga un har neuf kusan duka gaɓa ɗaya ake furtawa. Abin da ka'idar kewayen sauti ke hasashe a fili yake: ɗalibi mai harsunan biyu zai riƙe jeri mafi tsawo da Faransanci. In wani ya ɗauki gwajin riƙe lambobi da aka tsara a Faransa, ya fassara shi zuwa Hausa, ya auna yaran Tasawa ko na Madawa da ma'aunin da aka samo daga yaran Faris, tsawon kalmomi zai auna yana zaton basira yake aunawa. A ƙasar da aka fara makarantun gwaji masu harshe biyu tun 1973 a Damagaram, kuma ake ta muhawara kan harshen koyarwa, irin wannan kuskure na iya shafar hukuncin da za a yanke a kan yara da kan harshensu.

Mene ne amfanin kewayen sauti a rayuwa, tunda ba don lambar waya aka halicce shi ba? Amsa ta fito daga wata majinyaciya ƴar Italiya, P.V., wadda kewayen sautinta ya lalace bayan bugun jini a ƙwaƙwalwa. A 1988 Baddeley da Papagno da Vallar suka ba ta kalmomin Italiyanci bibbiyu ta haɗa su a ka, ta yi ba tare da wahala ba. Da aka ba ta kalmar Italiyanci haɗe da fassararta ta Rashanci, harshen da ba ta ji, sai ta kasa kama ko da guda. Shekara ɗaya bayan haka Susan Gathercole da Baddeley suka nuna cewa yaran da suka fi iya maimaita kalmomin ƙirƙira marasa ma'ana suna ƴan shekara huɗu, su ne suka fi yawan kalmomi bayan shekara guda. Kewayen sauti shi ke riƙe baƙuwar kalma na ɗan lokaci har ta sami wurin zama na dindindin.

Ginin jimla ma yana cin karo da wannan iyaka. A duba wannan jimla: "Yaron da malamin da shugaban ya kira ya kora ya dawo." Ba ta karya wata ƙa'idar nahawun Hausa ba, amma mai sauraro sai ya tsaya ya warware ta, domin an tara masa sunaye uku yana jiran aikatau ɗin kowanne. In aka ce, "Shugaba ya kira malami, malamin ya kori yaro, yaron ya dawo," nan take za a gane. Irin waɗannan misalai na cikin dalilan da suka sa Noam Chomsky, a 1965, ya bambanta ƙwarewar mai harshe da aiwatarwarsa: nahawu ya yarda, ma'ajiyar aiki ce ta gaza.

4. Sani da iyawa a cikin nahawu

Ma'ajiya mai dogon zango ita ma ta kasu. Akwai abin da mutum ya sani kuma zai iya faɗa, akwai abin da ya iya ba tare da ya san yadda yake yin sa ba, kamar tuƙa keke ko zanen H.M. a madubi. A 1972 Endel Tulving ya sake raba kashin farko gida biyu: tunawa da aukuwa, wato abin da ya faru da mutum a wani wuri a wani lokaci, da kuma sanin ma'ana, wato ilimin duniya da na kalmomi wanda ba a haɗa shi da ranar da aka koye shi ba. Kowa ya san ma'anar "rijiya", amma da wuya a sami wanda zai tuna ranar da ya fara jin kalmar.

Kowace kalma da ke cikin rumbun mai harshe tana ɗauke da bayanai masu yawa: baƙaƙe da wasulanta, tsawon wasulan, karin sautinta, jinsinta, jam'inta, da ma'anarta. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, saboda haka mai karatu ne ke cike giɓin daga kansa. In ya ga "gari" shi zai zaɓa tsakanin mazaunin mutane da abin da ake tuƙa tuwo da shi. In ya ga "kuka" ya zaɓa tsakanin hawaye da itaciya. Wanda Hausa harshensa ne yana yin wannan ba tare da ya lura ba, mai koyo kuwa a nan yake tuntuɓe.

Cewa waɗannan bayanai ba a dunƙule suke wuri ɗaya ba yana bayyana a lokacin da kalma ta maƙale, mutum ya ce tana bakinsa amma ta ƙi fitowa. Roger Brown da David McNeill suka fara nazarin wannan hali a 1966. Sun karanta wa ɗalibai ma'anonin kalmomin da ba a cika amfani da su ba, suka tarar cewa wanda kalmar ta maƙale masa sau da yawa yana iya faɗin sautin farkonta da yawan gaɓoɓinta. A 1997 Gabriella Vigliocco da abokan aikinta suka nuna cewa masu jin Italiyanci a cikin wannan hali sukan san ko kalmar namiji ce ko mace, ko da ba su tuna sautinta ko ɗaya ba. Ke nan ma'ana da jinsi na iya fitowa kafin furuci. Hausa, da ke bambanta jinsi a tilo, fage ne mai kyau na maimaita wannan gwaji.

Michael Ullman, a ka'idar da ya shimfiɗa a 2001, ya ɗora rabon sani da iyawa a kan harshe kai tsaye. A ganinsa rumbun kalmomi yana cikin ma'ajiyar sani, ƙa'idojin haɗa saiwa da ɗafi da na jera kalmomi kuma suna cikin ma'ajiyar iyawa, wadda ta dogara da goshin ƙwaƙwalwa da wasu curarrun gaɓoɓi na can ƙasa masu kula da motsi. Hujjarsa ta fito daga shuɗaɗɗen lokaci na Ingilishi, inda mafi yawan aikatau ke karɓar ɗafin -ed, wasu kuma ke sauya siffa gaba ɗaya, kamar go da ke komawa went. A wani bincike na 1997, masu cutar Alzheimer, wadda ke cin ma'ajiyar sani, sun fi kuskure a aikatau masu sauya siffa, masu cutar Parkinson kuwa, wadda ke taɓa gaɓoɓin motsi, sun fi kuskure a masu bin ƙa'ida. Ka'idar tana da masu suka. Tun 1986 David Rumelhart da James McClelland suka nuna da kwamfuta cewa tsari guda mai koyo ta hanyar kamanci zai iya samar da nau'o'in biyu, kuma muhawarar ba ta mutu ba.

Jam'in sunaye a Hausa yana sa wannan muhawara ta ƙara armashi. Wasu jam'o'in ba makawa haddace su ake yi: sa da shanu, akuya da awaki, mace da mata. Wani tsari kuma yana da rai, har yana kama baƙin kalmomi da zarar sun shigo: mota ta ba da motoci, tasha ta ba da tashoshi, kwamfuta ta ba da kwamfutoci, kuma t na komawa c a gaban i ba tare da mai magana ya yi shawara ba. Amma tsakanin waɗannan iyakoki biyu akwai ajujuwa masu yawa, irin su gida da gidaje, sarki da sarakuna, littafi da littattafai, waɗanda ba a iya kiran su tsantsar hadda, tunda kowane aji yana da siffar da kalmominsa suka yi tarayya a kai, ba a kuma iya kiran su ƙa'ida gama-gari. Karyayyen jam'i na Larabci ya jawo irin wannan tambaya. Ajujuwan aikatau da Parsons ya tsara a 1960 kuwa sun fi karkata ga iyawa: wanda ya koyi "canza" ba ya buƙatar a koya masa canzo da canje da canzu, kuma zai mayar da z ta zama j a gaban e ko da bai taɓa jin sunan ganɗantawa ba.

5. Ma'ana na zama, lafazi na tafiya

Mutane da yawa suna ɗaukar tunawa kamar na'urar ɗaukar murya. Gwaje-gwaje sun nuna akasin haka. A 1967 Jacqueline Sachs ta sa mutane suka saurari labari, ta riƙa tsayar da shi tana karanto jimla tana tambaya ko daidai take da wadda suka ji. In nan take aka tambaya, suna gane kowane irin sauyi. Bayan gaɓoɓi 80 na ƙarin magana kuwa, sauyin da ya taɓa ma'ana kaɗai suke kamawa da kyau; in tsarin jimlar aka juya ma'ana na nan, da ƙyar suke lura. Ƙwaƙwalwa takan tatse ma'ana ta saki lafazi cikin ƙasa da minti ɗaya.

Ita ma ma'anar ba ta zama yadda aka ajiye ta. Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij, a littafinsa na 1932, ya ba Ingilawa wata tatsuniya ta ƴan asalin arewa maso yammacin Amurka, ya sa suka riƙa sake ba da ita bayan kwanaki da watanni. Labarin ya riƙa gajarcewa, abubuwan da suka saɓa wa al'adarsu suka zube ko suka rikiɗe: farautar wata dabbar teku ta koma kamun kifi, sha'anin fatalwa ya dushe, aka ƙaro dalilan da babu su a asali domin labarin ya yi ma'ana. Bartlett ya kammala da cewa tunawa sake gini ne, kuma mutum da kayan al'adarsa yake ginin.

Kalma ɗaya a cikin tambaya na iya shiga cikin wannan gini. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer suka nuna wa ɗalibai fim na hatsarin mota, suka tambaye su gudun da motocin ke yi, suna sauya aikatau ɗaya kawai. Waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar ragargajewa sun ƙiyasta wajen mil 40 a awa, waɗanda aka tambaya da mai ma'anar taɓa juna suka ce wajen mil 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda, aka tambayi mutane ko sun ga fasasshen gilashi, alhali babu shi a fim ɗin. Daga cikin 50 da suka ji kalmar ragargajewa, 16 suka ce sun gani. Daga cikin 50 da suka ji kalma mai ma'anar bugu, 7 ne kawai. Duk wanda zai yi aikin tafinta a kotu ko a ofishin ƴan sanda ya kamata ya riƙe wannan. Tsakanin "ya taɓa shi", "ya buge shi" da "ya maka masa", zaɓin tafinta na iya sauya abin da shaida zai rantse ya gani.

Harshen da aka yi tambaya da shi ma yana da tasiri. A shekarar 2000 Viorica Marian da Ulric Neisser suka yi hira da ƴan asalin Rasha da suka yi ƙaura zuwa Amurka. In da Rashanci aka yi hirar, sun fi tuno abubuwan da suka faru da su a zamanin da suke rayuwa cikin Rashanci. In da Ingilishi ne, sai na bayan ƙaura su fi fitowa. Muna ganin ɗan'uwan wannan a lissafi: wanda ya haddace jadawalin ninkawa a lakol yakan koma Faransanci in zai ninka, amma a kasuwa da dala yake ƙirga, ya san dala ashirin da jika ba tare da ya bi ta Faransanci ba. Mai binciken da ya yi wa tsohon ma'aikaci tambayoyi da Faransanci kan ƙuruciyarsa a ƙauye, wata ƙofa ya ƙwanƙwasa, abin da yake nema kuwa yana bayan wata.

6. To yaya ake hadda?

In lafazi na saurin gushewa haka, ta yaya alaramma ke rubuta Alƙur'ani daga ka? Amsar ita ce riƙe lafazi aiki ne na musamman mai buƙatar dabara da shekaru. Hermann Ebbinghaus na Jamus, wanda ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa a 1885, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, daga nan ta lafa. Ya kuma tarar cewa maimaici 38 da aka rarraba cikin kwana uku ya ba da sakamako daidai da maimaici 68 da aka yi a zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka ƙara da cewa ƙoƙarin tuno abu daga ka ya fi sake karanta shi amfani in ana son ya daɗe. Tsarin makarantar allo ya ƙunshi duka biyun: ɗan kaɗan a allo, nanatawa da murya, biyawa a gaban malam kafin a wanke, da tilawar baya wadda ba ta yankewa. Wahalar da mahaddata ke sha a ayoyi masu kama da juna ita ma sananniya ce a wannan fanni, domin abubuwa masu kamanci sun fi shiga wa juna hanya wajen tunowa.

Adabin baka yana da nasa matakan tsaro. David Rubin, a littafinsa na 1995 kan tunawa a al'adun baka, ya bayyana cewa amsa-amo da kari da hoton da kalmomi ke zanawa suna taƙaita yawan kalmomin da za su iya zama a wani gurbi, don haka kuskure ke raguwa. Wannan ne ya sa waƙa da kirari da karin magana suka fi zube daɗewa a baki. Duk da haka ba su tsira daga sauyi ba. Milman Parry da Albert Lord, da suka ɗauki muryoyin mawaƙan baka a tsohuwar Yugosilabiya tun daga shekarun 1930, sun gamu da mawaƙa masu tabbatar da cewa kalma da kalma suke maimaita waƙa, amma da aka kwatanta faya-fayan sai aka ga bambanci mai yawa. Ba ƙarya suka yi ba. A wajensu waƙa ɗaya ce muddin labarin da zubinsa ba su sauya ba.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa harshe yana rarrabe a kan ma'ajiyoyi da dama. Kewayen sauti yana karɓar sabuwar kalma yana kuma riƙe jimla har a fahimce ta, ma'ajiyar sani tana adana kalmomi da ma'anoninsu, ma'ajiyar iyawa tana tafiyar da abin da ya zama ƙa'ida. Abin da aka tuna kuma sake gina shi ake yi, kalmomin tambaya da harshenta suna sa hannu a ginin. Ga mai shirin fita bincike, wannan na nufin ya ɗauki murya ya rubuta daga na'ura, domin jimlar da ya rubuta da yamma daga abin da ya ji da safe tasa ce, ba ta mai ba da bayani ba. Ya tsara tambayoyinsa da kalmomin da ba su riga sun ba da amsa ba, ya yi hira da harshen da aka yi rayuwar da yake tambaya a kai, ya kuma ɗauki tatsuniya ko waƙa fiye da sau ɗaya daga bakin mutum guda.

Ga gwaji biyu da ɗalibai za su iya yi a aji ba tare da kayan aiki ba. Na farko, a karanta wa masu jin Hausa da Faransanci jerin lambobi, lamba ɗaya kowace daƙiƙa, ana ƙara tsawon jerin har su kasa, sau ɗaya da kowane harshe, a kuma auna lokacin da kowa ke ɗauka wajen furta lambobin. Na biyu, a ƙirƙiro sunayen da babu su a Hausa, kamar "zota" ko "lusa", bisa hanyar da Jean Berko ta bi da yara masu Ingilishi a 1958, a nemi yara da manya su ba da jam'insu. A lura ko za su ce zotoci da lusoshi, ko wani aji za su zaɓa, da kuma ko amsar za ta sauya in an sauya karin sautin kalmar ko tsawon wasalinta. Zai yi kyau a kwatanta amsoshin masu karin harshen Damagaram da na Gobir da na Adar, a rubuta yawan waɗanda aka gwada da shekarunsu da harsunan da kowannensu ke ji.